Irin Albasa a Jakar Dama

Makon jiya wasu samari uku suka tsaya a rumfata, nan bakin hanyar Kura, suna jiran maƙwabcina ya gama yi wa babur ɗinsu faci. Ɗaya ya miƙo min waya ya ce, "Baba, dubi aikin naka. Wani ne ya haɗa jakar babur da tsohon tamfol cikin minti biyar. Wallahi abin simful ne, keken ɗinki kawai mutum zai samu."

Na karɓa na duba. Hannuwa kawai ake gani, sumul ba tsaga ba kanta, a yanka nan, a ɗinka can, sai ga jaka. Na mayar masa da wayarsa na ce Allah ya ba da sa'a. Ƙarfin gardama ya ƙare min. Na haura shekara talatin ina wannan ɗinki, yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa da safe sai na tsoma su a ruwan ɗumi, kuma a cikin jakunkunan da na ɗinka akwai ɗaya da ta ƙone sunan wani dattijo wanda bai yi wa kowa laifi ba. Tunda kun ce abin da sauƙi, ku zauna ku ji.

Aikin farko da na taɓa a gaban maigidana, Malam Hudu, mangalar jaki ce. Baduku ne shi na gado, yana ɗinka mangala da akumari tun kafin ruwan kanal ya iso mana. Wata shida na yi a wurinsa bai bar ni na riƙe basilla ba. Aikina shi ne in tsaga tsohuwar taya in zaro zaren cikinta, in murza shi a cinya, in goga masa kakin zuma har ya yi santsi. In na kai masa, sai ya naɗa a yatsa ya ja. In ya tsinke, ba ya faɗa, ba ya zagi, ajiye min kawai yake a gabana in sake. Da na sami mai zagi da ya fi min sauƙi.

Da noman rani ya kankama, manoma suka fara sayar da jakuna suna sayen babura, sai Malam Hudu ya mayar da mangalarsa kan babur. Jaka biyu ce, ɗaya dama ɗaya hagu, da bel biyu masu haɗa su ta kan kariyar bayan babur. Yakan ce, "Ya'u, jaki da babur duk ɗaya ne. In gefe ya rinjayi gefe, ka sha ƙasa. Bambancinsu guda ne, jaki ba shi da salansa." A lokacin dariya nake yi.

Ku da kuke cewa keke kawai ake buƙata, keke shi ne na ƙarshe. Kafin nan sai ka san shara. Duk abin da nake aiki da shi wani ne ya gaji da shi ya yar. Gindin jaka da tsohon tiyon ban ruwa nake yi, mai faɗin nan shuɗi, wanda ya huhhuje har faci ya daina kama shi. Sai ka tsaga shi a tsaye, ka wanke taɓon, ka shanya a inuwa, don rana tana sa shi ya ƙage. Jikin jaka tamfol ne na manyan motocin da ke kai tumatir kudu. Marfi tsohon tub ne, saboda ruwan sama. Madauri kuwa bel ɗin kujerar mota ne, daga wurin 'yan gwangwan. Ba na sa zif. Wanda ya bi hanyar bakin kanal sau uku ya san dalili, ƙasa ce za ta cika haƙoransa ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Tamfol ma ba kowanne ake saye ba. Akwai wanda aka rufe maganin feshi da shi a shago, ido ba ya gane shi. Sai ka bar shi a rana sa'a guda, sannan ka sa hanci. Na taɓa ƙone rabin tamfol mai kyau kamar sabo saboda warin nan, maƙwabta suna ce min mahaukaci. Amma mutum ne zai sa kwanon tuwonsa a ciki ya tafi gona.

Masu saye kuwa, Allah ya ba ku haƙurinsu. Wani ya taɓa zuwa daga wajen Kadawa ya ce in yi masa jakar da injin ban ruwa zai shiga. Na ce, "To ɗaya gefen fa, me za ka sa ya daidaita?" Ya ce surukarsa ba ta da nauyi, amma zai duba. Wani ya dawo min da jaka yana faɗa wai ɗinki ya saki, ashe agwagi huɗu ya cusa a ciki. Amma yawancinsu kayansu ɗaya ne: galan ɗin fetur na inji, sifana, filogi, kwalbar maganin feshi, sai abinci, da darduma, da iri in lokacin shuka ne.

Nan ne aikin yake, kuma nan ne wayarku ba ta nuna ba. Salansar babur a dama take. Shi kuma Bahaushe, duk abin da yake girmamawa a dama yake sa shi. Fetur da bakin mai da maganin feshi su tafi hagu, abinci da darduma da iri su zo dama. Ba tunani yake yi ba, hannunsa ne yake kaiwa, kamar yadda ba ya tunani kafin ya ci tuwo da dama. Wato mafi darajar kayansa shi yake ɗorawa a kan wuta. Saboda haka Malam Hudu ba ya sakin jakar dama sai ya yi mata garkuwa. Yankin kwanon rufi ne kamar tafin hannu biyu, a lanƙwashe bakinsa kada ya yanki tamfol, a shimfiɗa buhun algarara ninki uku tsakaninsa da jakar, a kafe da ƙusa shida ta ƙasa. Aikin sa'a biyu ne, yana cin yatsu, kuma mai jaka ba ya ko ganinsa.

Na taɓa ce masa, "Malam, me zai hana mu gaya musu su riƙa sa ƙarafa a dama, abinci a hagu? Sai mu huta."

Ya ce, "Gaya musu. Ka faɗa sau goma, su ce to sau goma. Ranar da mutum zai ɗauki abin da yake ji da shi, dama zai sa. Kai dai sa kwanonka."

Malam Hudu ya rasu, rumfa ta dawo hannuna, na yi shekaru ina sa kwano. Sai shekarar da tsutsa ta cinye tumatir. Waɗanda suka gani ba sa son a tuna musu. Gona kore shar da safe, bayan kwana uku kamar an bi ta da wuta. Motocin kudu suka daina zuwa, tamfol ya yi wuya, manomi kuwa wanda bai kai kwando ɗaya kasuwa ba ina zai tuna da jakar babur? Sai in buɗe rumfa da safe in rufe da yamma ban zare allura ba. Na koma facin buhuna da ɗinkin takalman yara. Na gaji a shekarar nan irin gajiyar da ba ta aiki ba ce.

Wajen ƙarshen damina sai ga Malam Sale. Manomi ne na nan kusa da mu, muna salla a masallaci ɗaya, mutum mai zafin nama da saurin baki. Tumatir ya kwantar da shi, ya yi rantsuwa ya bar shi, zai koma albasa. Ya ce jaka yake so a ranar, don da sassafe zai tafi can bayan Bunkure wurin Baba Nomau ya karɓo iri.

Baba Nomau kowa ya san shi a wannan yanki. Bamaguje ne, tsoho, yana zaune da 'ya'yansa a gidan gona. Ba ya noma don kasuwa, 'yar garka gare shi ta iri. Albasarsa ja ce mai siririn wuya, tana kaiwa har lokacin tsada a rumbu ba ta ruɓe ba. Daga ubansa ya gaje ta. Duk shekara yakan zaɓi kawunan da suka fi kyau ya ajiye, ya sake dasa su su yi fure, ya tara irin. Irin ba shi da yawa, wanda ya riga shi ya samu. Kuma ba a gwada irin Baba Nomau a jiƙaƙƙen tsumma a ga ko zai tsiro kafin a shuka, kamar yadda ake yi wa na kasuwa. Cewa ake yi in ya ce maka zai fito, to je ka ka gyara bedin da za ka yafa shi.

Na ɗinka wa Malam Sale jakarsa, ɗinki mai kyau, ba na kushe shi har yau. Da na zo kan garkuwa sai na tarar kwanona ya ƙare. Akwai wani guntu a bayan rumfa, amma ya yi tsatsa, sai an kankare an buga. La'asar ta yi, bayana yana ciwo, Malam Sale yana tsaye a kaina yana karkaɗa makulli. Na ce a raina, in ɗaga jakar yatsa biyu sama ai ta wuce salansa. Wa zai gani? A ƙasa yake.

Yana taka babur na ce, "Malam Sale, kayan ƙarfe a dama, ka ji? Kada ka sa abin kirki a nan."

Ya ce, "To, to, na ji," ya ja babur ya tafi.

Abin da ya faru daga baya na haɗa shi. Ya je ya kwashe kusan duk irin da Baba Nomau ya fitar na sayarwa a shekarar. Tsohon ya ƙulle masa a tsumma. Malam Sale ya yi bismilla ya sa ƙullin a gindin jakar dama, ya ɗora buhun gero rabi a kai wanda ya saya a hanya. Nauyi ya ja jakar ƙasa, yatsa biyun nan nawa suka tafi, ta kwanta a kan salansa. Bai dawo kai tsaye ba, sai da ya zaga ta wani ƙauye gaisuwar rasuwa, da tsakar rana, a hanyar da ba a gudu. Irin albasa kuwa baƙi ne tun asali. Ko ya gasu, ido ba zai gaya maka ba.

Ya gyara bedi, ya shuka, ya yi ban ruwa safe da yamma. Kwana goma ba tsiro. Ya ƙara mako guda. Ƙasa ta yi shiru.

Ranar kasuwa ya tare Baba Nomau a gaban masu albasa. Ba na wurin, amma kafin azahar maganar ta iso rumfata ta bakin mutum uku. Ya ce tsohon ya soya irin ne don kada wani ya sami irin albasarsa. Baba Nomau ya ce a zo a ga bedinsa, daga ƙwarya ɗaya aka ɗebo, ya fito kamar gashin kai. Mutane suka ce to ai shi ke nan, ya ajiye mai rai ya sayar da matacce. Sai Malam Sale ya ƙara da maganar da ta fi duka muni. Ya ce, "Dama me za ka jira daga wanda ba ya salla?" An ce tsohon ya ɗauki sandarsa ya bar kasuwar.

Ni ma da na ji, na ce Allah ya kyauta, duniya ta lalace. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan kamar mako biyu Malam Sale ya kawo min jakar dama, wai ta huje sifanarsa ta faɗi a hanya. Na juya ta. Gindin ta ɓangaren taya ya narke ya ƙanƙance, shuɗin tiyon ya koma ruwan ƙasa. Na sa yatsa a cikin kusurwar ɗinki sai ga 'yan ƙwayoyi baƙaƙe sun maƙale. Na ce, "Me ka ɗauko a nan?"

Ya ce, "Wannan soyayyen irin na tsohon can mana. Kada ka tuna min."

Ya tafi shan shayi. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na sa a haƙori. Ƙauri. An soya shi kam, amma ba a gidan Baba Nomau ba.

Sai na yanke gindin da ya ƙone na sa wani, na kankare guntun kwanon nan mai tsatsa, na buga shi, na sa algarara ninki uku, na kafe ƙusa shida. Sa'a biyu, kamar kullum. Malam Sale ya dawo ya ɗaura jakarsa ya yi godiya, ni kuwa na bar shi ya tafi ban gaya masa abin da na gano ba.

Tsoro na ji, ba wani abu ba. Shekarar ta riga ta karya ni, ga shi an fara ɗan motsi, manoma suna shirin rani suna leƙowa. In aka ji jakar Ya'u ce ta gasa iri, wa zai sake kawo min babur? Kuma na san bakin Malam Sale, abin da ya yi wa tsoho a kasuwa ni zai yi wa. Kullum sai in ce gobe. In na hango shi a sahu sai in koma ɗaya gefen. Na yi ta gaya wa kaina cewa tsohon yana can nesa, maganar za ta mutu da kanta. Ba ta mutu ba. Har a rumfata wani ya zauna yana ba da labarin yadda Maguzawa suke soya iri a kasko, kamar a gabansa aka yi, ina ɗinki ina jinsa. Na yi mako shida a haka.

Abin da ya tayar da ni ƙaramin abu ne. Wani manomi ya kawo gyara, na tambaye shi ko ya sami iri. Ya ce na gwangwani ya saya a shago. Ya ce, "Da wurin Nomau nake zuwa, shekara goma sha. Amma ka ji abin da ya yi." Ranar bayan azahar na riƙe hannun Malam Sale a ƙofar masallaci, na ja shi rumfa, na ɗauko gindin jakar da na yanke, wanda na kasa yarwa. Na nuna masa ƙunar, na nuna masa ƙwayoyin, na gaya masa abin da ban sa ba.

Na shirya wa zagi. Bai zage ni ba. Ya zauna a kan benci ya riƙe baki. Sannan ya ce, "Malam Ya'u, ka san abin da na faɗa wa mutumin nan a gaban jama'a?"

Na ce na sani.

Ya ce, "Kuma ka bar ni ina ta maimaitawa."

Washegari muka hau babur ɗinsa mu biyu. Mun sami Baba Nomau a gindin tsamiya yana tufka igiya. Muka gaisa, ya sa aka kawo mana ruwa. Na durƙusa na faɗi komai, ban rage ba. Malam Sale ya cire hula ya ce, "Baba, na zalunce ka. Ranar kasuwa zan tsaya inda na tsaya in warware."

Tsohon ya karɓi guntun tiyon ya jujjuya shi, ya shinshina. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, a wane gefe ya sa irin?"

Na ce, "A dama, Baba."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "To ai ya girmama shi. Inda ake sa abin kirki ya sa." Ya miƙo min guntun. "Ku tashi, ba komai. Ka je kasuwar ka faɗa in kana so. Amma magana zarar bunu ce. Waɗanda suka ji ta farko sun kai ta garuruwan da ta biyu ba za ta je ba."

Malam Sale ya ce ko ta je ko ba ta je ba, shi dai a ajiye masa irin baɗi, duk abin da aka samu.

Baba Nomau ya ci gaba da tufkarsa. Ya ce, "Babu na baɗi. Bedin na ce yara su kife shi su sa alkama. Kawunan da nake ajiyewa kuwa, lokacin dasa su ya zo, na zauna na dube su. Na ce wa zan tara wa? Kasuwar da ta wuce na ba da su aka kai." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Tun ta ubana ce. Yanzu an yi miya da ita."

Kasuwar da ta wuce. Kwana biyar ke nan. Ni kuma na yi mako shida da ƙwayar a bakina.

Malam Sale ya cika alkawari, ya tsaya a gaban masu albasa ya faɗa, ni ma na tsaya kusa da shi da guntun tiyona. Wasu suka ce Allah sarki, wasu suna ciniki ba su ko juyo ba. Aikina bai ragu ba, abin da na ji wa tsoro bai zo ba. Wannan ya fi komai ci min rai. Baba Nomau ya rasu bayan shekara uku, bai sake ajiye iri ba. Yanzu kowa na gwangwani yake shukawa, kuma kowa sai ya gwada a tsumma.

Har yau ina sa kwano. Idona ya rage, wani lokaci guduma tana samun yatsa maimakon ƙusa, masu babur suna tsaye a kaina suna karkaɗa makulli. Wanda ya ce sauri yake yi, in ce ya je ya dawo gobe, ko ya je wurin wani.

Da aka gama facin samarin nan, na ce wa mai wayar ya sake nuna min. Na kalla tun daga farko har ƙarshe, na sa ya tsayar a inda aka juya jakar. Babu garkuwa. Na ɗauko wata da na gama, na kifa ta, na nuna masa kwanon da algarar da ƙusa shida, na ce wannan kaɗai sa'a biyu ne.

Ya taɓa kwanon da yatsa, ya yi dariya. Ya ce, "Haba Baba, duk wannan wahalar? Wa zai gani? Ai a ƙasa yake."

Na ce masa haka ni ma na ce.